Kazar da Ta Yi Kwanci a Kwalbati

Ranar wata Talata ce, a bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, na kwanta rub da ciki a bakin kwalbatin da ke bayan gidanmu, da kayan makaranta a jikina, na leƙa ciki. Da farko duhu kawai na gani. Can sai ga wani jan ido guda yana kallona. Ashe Wake ce, kazata, ta baje fukafukai a kan busasshiyar ciyawa, tana yi mini wani gurnani kamar ba ni ce nake watsa mata dawa kullum ba. Na zura hannu, ta kai mini sara, na daure na lalubo ƙarƙashinta. Ƙwai tara, da ɗuminsu.

Kakata Iya ce ta ba ni Wake tun tana 'yar tsako. A ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure, kaza ce dukiyar yarinya ta farko. In ta yi albarka sai ta zama akuya. Ni kuwa ba akuyar ce ta dame ni ba, tambayoyi ne suka cika mini ciki. Me ya sa kaza take kyarkyara bayan ta saki ƙwai, alhali ɓoyewa take yi? Me ya sa Wake ta tsani akurkinmu na ƙasa? Wannan dai na san amsarsa, domin ni nake share shi, kuma duk ranar da na zura kai ciki sai ƙuma ta hana ni sakat. Kwana uku na yi ina bin sawunta, ta bayan rumbu, ta gefen tulin buntun shinkafa, kafin asirinta ya tonu.

Murnata ba ta kai la'asar ba. A lokacin an rufe ruwa ana yasar kanal, wato babban magudanar ruwan noman rani, shi ya sa kwalbatin ya bushe. Baba ya dawo daga gona yana cewa tumatir ya fara yaushi, amma alhamdulillahi ranar Asabar da safe za a sako ruwa. Ta cikin kwalbatin nan ruwan yake bi ya shiga gonakin unguwarmu, ga shi ƙwai sai ya yi mako uku kafin a ƙyanƙyashe shi.

Na yi ta jan ƙafa har Juma'a, sannan na samo wata tsohuwar jarkar man gyaɗa da ta tsage, na sa wuƙa na yanke mata gefe guda. Na wanke ta da omo har sau biyu, na shanya, na zuba sabon buntu. Wallahi ta yi kyau, babu lungun da ƙuma za ta ɓuya. Na kori Wake da kara, na kwaso ƙwan a ɗankwalina. Da na ga duk sun yi dumu-dumu da taɓo, sai na ce ai ba za su shiga sabon ɗaki da dauɗa ba. Na samu tsumma da ruwa na hau goge su ɗaya bayan ɗaya. Ina kan na biyar Iya ta fito daga ɗaki, ta saki salati. "Ke sarkin iyayi! Wa ya ce miki ana yi wa ƙwan kwanci wanka? Garin neman gira za ki rasa ido." Ta ɗauko gawayi ta ɗiga wa biyar ɗin alama, ta ce mu zuba ido.

Wake kuwa ko kallon jarkar ba ta yi ba. Na ɗora ta, ta dira. Na sake ɗora ta, ta bar mini gashinta a hannu, ta koma kwalbati ta kwanta a kan ƙasa, ba ƙwai ko ɗaya. Haushi ya sa na fashe da kuka, na ce da ita butulu. Sai da rana ta kusa faɗuwa Iya ta ce in je in kwaso ciyawar da Wake ta kwanta a kai, har da ƙasar wurin da gashin da ta zubar. Iya ta zubar da buntuna, ta barbaɗa toka a gindin jarkar saboda ƙuma, ta shimfiɗa wannan tarkacen, ta jera ƙwan. Da aka yi kiran magariba, lokacin da idon kaza ya daina gani sosai, ta ɗauko Wake a hankali ta ɗora, ta kife su da kwandon tumatir. "Ba tsabta take nema ba, gurbinta take nema," in ji ta.

Da hantsin Asabar muka ji yara suna ihun ruwa ya iso. Iya ta ɗaga kwandon. Wake ta fito, ta miƙe sak ta nufi kwalbati, ni kuma ina biye da ita. Ta tsaya a baki tana karkata kai, ruwa yana tuɗowa da kumfa da karmami. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo, ta ɗan yi tone-tone a hanya kamar ba abin da ya dame ta, ta shige jarka ta gyara zama. Bayan mako biyu da 'yan kwanaki na ji ciyau-ciyau. Tsaki huɗu ne. Masu alamar gawayin nan duk sun zama baragurbi, ni na kai su bola.

Yanzu a Kumbotso nake aure, ina da kaji a bayan gida, kowacce da kwandonta na roba mai araha, in ya yi datti in watsa masa ruwa, shi ke nan. Irin na gidan gona ne, suna ba ni ƙwai kullum, amma ba mai yin kwanci a cikinsu, balle ta ɓoye mini wani abu in bi sawunta. Iya ta rasu ban tambaye ta ko wari ne Wake ta gane ko laushin ciyawar ba. Biyar ɗin nan ne dai ba sa barin raina. Da hannuna na kashe su, kuma gyara nake yi.