Hantar Ɓeraye a Cikin Kula

Doguwar mace ce, da farar rigar ɗakin bincike a kan atamfa. Tana tsaye gaban Maiwada mai ƙanƙara a unguwar Sauka Kahuta, rungume da kula kamar jinjiri. Tana buɗewa wari ya taso.

"Madam, namanki ya lalace," in ji Maiwada.

"Hantar ɓeraye ce, Malam. Na ba su maganin kariya kafin a haska musu hasken ƙona ciwon daji. Hantar ta fara farfaɗowa, na cire ta na adana a firji don awo, sai aka ɗauke wuta, firjin ya mutu."

Maiwada ya raya a ransa, wannan tana da majinyaci a gida.

Ta buga murfin. "Bar ƙanƙarar. A haka zan dire ta kan teburin wanda ya hana man janareta."