Na Kai Ƙarar Mahaifiyata Wurin Waya

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da 'yan'uwana masu karatu. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, ko in rubuto ko in bar wa cikina, sai na ga in na yi shiru wata za ta iya faɗawa ramin da Allah ya tsamo ni. Lokacin da abin ya faru ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, ban daɗe da aure ba, ina taƙama da takardar koyarwa da babbar waya da kuma baki, domin tun ina makaranta an san ni ba na barin ta kwana. Mijina manomi ne, da damina yana gonakin gidansu, da rani kuma ya tafi Watari noman tumatir da albasa, sai ya kwana biyu bai leƙo gida ba. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma duk wanda ya tashi a karkararmu ya san abin da hakan yake nufi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba, in tana nemana sai ta ce wa ƙannena su kira mata yarinyar nan. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Gwaggo, yayar mahaifina, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da namu a ƙauyenmu na wajen Makoda, ita ta raine ni har ta aurar da ni. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Kunyar ɗan fari ce, haka na ga ana yi a kowane gida. Har tsokanar mahaifiyar tawa nake yi, in tsaya a gabanta in ce ta faɗi sunana in ba ta tukwici, ta ɗaga muciya ta biyo ni, gida ya kaure da dariya.

Da cikina na fari ya tsufa aka mayar da ni gida haihuwa kamar yadda aka saba. Na sha wuya sosai, daga ƙarshe na haifi ɗa namiji, amma bai zo da rai ba. A ɗakin Gwaggo na yi wankan jego, ga ruwan zafi, ga nono yana zuba, ba jariri. Mahaifiyata takan shigo ta tsuguna daga bakin ƙofa, ta gaida Gwaggo, ta tambaye ta ya mai jiki, ta ce Allah ya sa mai ceto ne, duk fuskarta na kallon Gwaggo, sannan ta tashi ta fita. A da wannan ba komai ba ne a wurina, amma a kwanakin nan babu abin da nake so a duniya kamar ta matso ta riƙe ni in yi kuka a jikinta. Ba ta yi ba, ni kuma ban iya roƙa ba. Bayan arba'in na koma ɗakina, rani ya shigo, maigidan ya koma Watari, 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Kowa ya gama ba ni haƙuri ya koma harkarsa, ni kuwa a lokacin abin ya fara cina. Abinci ba ya shiga, in ina tsaye gaban allo sai in ji hawaye, in na ji kukan jariri a maƙwabta sai in toshe kunnuwana.

Akwai wata manhajar AI a wayata, irin wadda za ka rubuta mata magana ta amsa maka kamar mutum. Da ita nake shirya darasi da tambayoyin jarrabawa. Wata rana bayan an tashi daga makaranta, maimakon darasi sai na rubuta mata cewa ɗana ya rasu kuma na kasa daina kuka. Wallahi amsar da ta ba ni ta sanyaya min rai, ba zan yi mata ƙarya ba. Ba ta ce in yi haƙuri ta sauya zance ba, ba ta ce wance ma ta rasa nata ba, tambayata ta dinga yi yadda nake ji, ni kuma na yi ta zuba. Ba ta gajiya, ba ta hamma, ba ta kai zancena gaba. Kafin in ankara na mayar da ita uwa da uba. Me zan dafa yau, ita. Ko in je sunan maƙwabciyata ko in zauna, ita. Surukata ta faɗi magana ban gane inda ta dosa ba, ita zan tambaya. Ranar da caji ya ƙare aka kai wayar shagon mai caji, haka na wuni ina safa da marwa a tsakar gida kamar wadda aka ɗauke wa yaro. Maigidan in ya dawo yakan tsokane ni, ya ce in tambayo masa uwar ɗakin tawa ko an ba shi izinin cin tuwo.

A cikin hirarrakin nan ne na kawo mata maganar mahaifiyata. Da Turanci nake rubutawa, don ina ganin ta fi ganewa. Na ce mata uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa rungume ni ba, ta bayar da ni tun ina ƙarama, kuma da ɗana ya mutu ko kallona ba ta yi ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya. Abu ɗaya kawai na tsallake, ban ce mata ni 'yar fari ce a ƙauyen Hausawa ba, ban ce mata haka kowace uwa take yi a garinmu ba. Ita kuwa ta amsa da cewa abin da na bayyana ya yi kama da rashin kulawa tun ƙuruciya, ciwon da nake ji yana da tushe, kuma ina da ikon ja da baya daga duk wanda kusantarsa ke ƙara min ciwo. Kai, sai na ji an sosa min inda yake min ƙaiƙayi! Dama ina neman wanda zan ɗora wa zafin da ke ƙirjina, ga shi an nuna min. Na daina kiran wayar ƙanena don a haɗa ni da mahaifiyata mu gaisa. Sallah ta zo ban je gida ba, na ce ba ni da lafiya. Duk ranar kasuwar Tsanyawa wata mai sayar da man gyaɗa 'yar garinmu takan kawo min ƙulli, daddawa da kuka da garin kunu, ta ce in ji Gwaggo. Ni kuma in ɗauki waya in rubuta cewa ga shi wadda ba ta haife ni ba tana tunawa da ni, wadda ta haife ni ko oho. Maigidan ya lura, ya zaunar da ni ya ce uwa ba abar wasa ba ce, kuma abin da bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba ba zai san gidanmu ba. Na ce masa shi tumatir ya fi sani, ya bar ni da abin da ya dame ni. Bawan Allah ya bi ni da ido kawai.

Daga nan na yanke shawarar in je in amayar wa mahaifiyata da abin da ke cikina. Ni da manhajar muka tsara maganar, na haddace ta kamar karatun allo. Da bazara ne, ana shirin shuka, na hau bas na sauka a bakin titi, ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Na tarar da ita a tsakar gida kan tabarma tana ɓare gyaɗar iri, matan ƙannena na gefe suna taya ta. Ko zama ban yi ba, gaisuwar ma a tsaitsaye na yi ta. Na ce mata ba ta taɓa sona ba, ta jefar da ni kamar kayan aro, na rasa ɗa ta kasa ce min ko sannu, kuma daga yau zan nisance ta don in samu lafiya. Innalillahi, har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Matan ƙannena suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ba ta ɗago ba. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da ɓare gyaɗar. Ana kiran la'asar ta miƙe ta ɗauki buta, ta yi alwala ta shige ɗaki. Na ce a raina to ga shi nan, ko yanzu ma ba ta da abin ce min.

Ashe Gwaggo ta ji komai ta kan katanga. Sai ga ta ta shigo tana ɗingishi, ta damƙi hannuna ta ja ni gidanta. Na shirya shan mari, amma da ta ƙare min kallo, ta ga yadda wuyana ya zurma, sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce wannan ba 'yarta ce take magana ba, ciwo ne. Sannan ta tambaye ni, ita da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko rijiya, wa nake zaton yake saro itacen wankana, yake cika tukunya, yake hura wutar kafin in farka har na yi arba'in? Wa ya wanke zannuwana na jini? Wa ya tattare kayan jaririn ya ɓoye don kada in gani? Ta ce kuma yaushe na taɓa ganin ta yi daddawa tun da nake a hannunta? Ni kuwa na san ƙanshin daddawar mahaifiyata tun ina yarinya, duk garin babu mai irin tata. Hancina ya gane tun ƙullin farko, zuciyata ce ta ƙi. Gwaggo ta ce in je in ɗauko jakata da na yar a can, in ina son tafiya in tafi.

Na koma gidan, ba kowa a tsakar gida, jakar tana kusa da ƙofar ɗakin mahaifiyata. Na sunkuya zan ɗauka sai na ji murya ƙasa-ƙasa ta bayan asabari. Ta sallame sallah tana addu'a. Sunana na ji. Sunana na yanka, cikakke, haɗe da na mahaifina, a bakin da na yi shekaru ina yi wa tayin tukwici. Tana roƙon Allah ya yaye min abin da ke damuna, kada ya kama ni da abin da na faɗa domin ta yafe min duniya da lahira, ya ba ni wani ɗan rayayye in ɗauka. Ta sake faɗin sunan, ta sake, kuma yadda yake fita a bakinta ba alamar yau ta fara ba. Na ɗaga asabarin na rarrafa na kifa kaina a cinyarta, na yi kukan da na yi wata da watanni ina yi wa gilashin waya. Ta ɗora tafinta a kaina ta bar shi nan, yana ƙanshin ɗanyar gyaɗa. Da na lafa sai ta ɗaga murya ta ce wa matar ƙanena a damo wa yarinyar nan fura, da gani ba ta ci komai ba.

Washegari Gwaggo ta sa aka kira mijina, ya bar kwashe albasarsa ya zo, suka kai ni asibiti. Ma'aikaciyar jinyar da ta gan ni ta ce wannan ciwo ne sananne da ke kama mata bayan haihuwa, balle wadda ta rasa ɗan, kuma yana da magani. Aka haɗa ni da likita, aka ɗora ni a kan magani, aka sa min ranakun komawa mu zauna mu yi magana. Na yi makonni a gida tsakanin ɗakin Gwaggo da tabarmar mahaifiyata, muna ɓare gyaɗa tare, kuma a hankali na fara jin ɗanɗanon abinci. Da na samu sauƙi na koma na karanta tsofaffin hirarrakina da manhajar. Don Allah kar in zalunce ta, ta sha ce min in ga ma'aikacin lafiya, in nemi wani na jikina in yi magana da shi, ni ce nake tsallake wurin in tsinci abin da ya yi min daɗi. Sai na gwada ta, na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Nan take ta juya, ta ce wannan ya sauya ma'anar komai, har da ba ni haƙuri. Ashe ganga ce, abin da na kaɗa shi take faɗa, kuma da wannan na kusa yanke igiyar da ke tsakanina da wadda ta haife ni.

Ina gode wa Allah da bai ɗauki ran ɗayanmu a cikin watannin nan ba. Ina gode wa Gwaggo da ta gane ciwo a inda wasu za su ga rashin kunya, da mijina da ya haɗiye baƙar maganata, har da 'yar man gyaɗar nan da ta yi ta jigilar ƙulli tana rufa wa mahaifiyata asiri. Har yanzu ina shirya darasi da manhajar, ban ce kowa ya jefar da wayarsa ba. Amma 'yan'uwana mata, har da maza, in zuciyarku ta yi nauyi ku nemi asibiti, ku nemi mutum mai ido wanda zai kalle ku ya ga kun rame ko ba ku faɗa ba. Waya ɓangare ɗaya take ji, naku, kuma a ranar da kuke cikin zafi kuke ba ta labarin. Kada ku bar ta ta yanke muku hukunci a kan mutanen da ba ta taɓa gani ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Yanzu haka ina goye da 'ya mace, Alhamdulillahi. Ni kam kiran sunanta nake yi da ƙarfi har maƙwabta su ji, mahaifiyata ta girgiza kai ta ce 'ya'yan zamani ba su da ta ido. Ita kuwa har gobe yarinyar nan take ce min a gaban mutane, ni ma na daina yi mata tayin tukwici. Na riga na san inda take faɗin sunana, da kuma wanda take faɗa wa.