Jajayen Shanu a Jikin Dutse

Mahaifiyata malamar tarihi ce a wata makarantar 'yan mata da ke Malali, ni ma a ajinta nake. A Birnin Kudu ta tashi, kuma tun muna ƙanana take ba mu labarin shanun da mutanen dā suka zana a jikin duwatsun garin. Shekarar da na shiga aji uku, ta ce sai ta kai ajinmu mun gani da idonmu.

Shugabar makaranta ta ce ba ta hana ba, amma sai iyaye sun yarda. Yawancinsu suka ƙi. Wasu suka ce tafiyar ta yi wa 'ya'ya mata nisa, wasu suka ce wurin aljanu ne. Umma ba ta yi fushi ba. Kullum bayan la'asar sai ta yafa mayafi ta bi gidajen ɗalibanta, daga Unguwar Dosa har lungunan Unguwar Shanu.

Ranar da na raka ta, mun tarar da mahaifin ƙawata, wani tela, yana kan keken ɗinki. Ko tsayawa bai yi ba.

"Malama, zanen mutanen jahiliyya za ki kai 'yata ta kalla?"

"Alhaji, makiyaya ne, shanunsu suka zana. Ka zo mu tafi tare. In ka ga abin ƙi, ka juyo da ita."

Sai da ya gama kafa hannun riga sannan ya tambayi ranar tafiya.

Ranar tafiya, ko rabin aji ba mu kai ba, amma muka cika ƙaramar bas, tela a gaba kusa da direba. Rana ta take lokacin da muka hau dutsen. Da muka shiga ƙarƙashin wani ɓangare da ya yi rumfa, ban ga komai ba sai dabbare-dabbaren ja, har na ji wa Umma kunya. Ta ce mu zauna idonmu ya huta. Can sai ƙaho ya fito, dogo, sannan wuya, sannan ƙafafu. Shanu ne a jere, ba su da tozo.

Tela ya fi kowa daɗewa a tsugune. Ya bi layin bayan wata saniya da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya ce, "Mai wannan aikin hannunsa bai yi rawa ba."

A hanyar dawowa duk mun yi laushi, wasu na barci. Umma kuwa ta jingina da taga tana tambayar tela waɗanne iyaye ya sani a unguwarsu, don tana so baɗi ajin ya tafi gaba ɗaya.