Tabon Hansai

Duk Bahaushen da ke unguwar Barking, nan ƙasar Turawa, ya san Hansai, Bakatsiniyar nan mai sharar ofisoshi, wadda ba ta iya magana a hankali ba. Shekarun baya likitoci suka cire mata mama ɗaya saboda ciwon daji. A layin asibiti ta haɗu da wata 'yar Pakistan, Anti Rukhsana, ita ma an yi mata irin aikin. Ita ta ja ta cikin ƙungiyarsu ta matan da suka warke, masu bin masallatai da zaurukan unguwa suna koya wa mata yadda za su duba kansu.

Abin haushi, a can ana ji da Hansai. Turancinta duk a karye, amma matan Bangladesh da na Pakistan har layi suke yi, wata ta kawo surukarta, wata ƙanwarta. Mu kuwa nata, in ta buɗe baki a gidan suna sai kowa ta fara neman takalmi. Har laƙabi muka sa mata, wai Malama Mama.

Rannan labari ya iske ta cewa ƙawarta Na'ima ta unguwar Catford ta ji ƙullutu a ƙirji, asibiti sun kira ta a ɗebi nama a gwada, ta ƙi zuwa. Hansai ta bar aiki ta hau jirgin ƙasa zuwa gidanta.

"Na'ima, don me kika yi cancel ɗin appointment?"

"Yaya Hansai, kin fi ni sani, daji ba ya son ƙarfe. Allura na taɓa shi zai bazu. Inna ta aiko min da garin magani daga gida."

Hansai ba ta tsaya musu ba. Ta rufe ƙofa, ta cire hijabi, ta ɗaga riga. Tabon nan ko a gaban matan ƙungiya ba ta taɓa buɗe shi ba, kunya take ji.

"Duba da kyau. Wuƙa ce ta yi wannan. Ga ni tsaye a gabanki, har na aurar da 'yata."

Na'ima ta daɗe tana kallo, idonta ya kawo ruwa. Hansai ta ce min tausayi ta gani a fuskarta, ba tsoro ba, kuma shi ya fi ƙona mata rai. Ni ma wallahi ya ƙona min.

"Allah sarki, Yaya. Ai naki ba daji ba ne. Da shi ne, da tuni mun yi sadakar arba'in ɗinki. A banza suka yanke ki."

Hansai ta sauke rigarta. Na'ima ta tashi ɗora mata ruwan shayi.