Ranar da Na Je Ta'aziyyar Kaina

Tumbina ne ya jawo komai. A ofishinmu na Dutse ana cewa shi ke fara yin sallama, ni in iso daga baya in amsa gaisuwa. Idan na tsayar da adaidaita sahu, direba kan dube ni, ya dube shi, sannan ya tambaya ko tare muke.

A lokacin na shiga harkar tallan kamasho a waya. Wani kamfani ne ke sayar da shayin rage tumbi. Za a ba ka linki mai ɗauke da lambarka, ka watsa a guruf-guruf na hira a waya, duk wanda ya danna ya saya sai a turo maka kasonka. Ogan harkar ban taɓa ganinsa ba, lambar waya ce kawai mai hoton zaki. Shi ya ce masu sa fuskarsu sun fi ciniki, in turo hoto da ɗan bidiyo. Abokin aikina, wani mutumin Filato mai natsuwa, shi ya riƙe min waya a bayan ofis. Na ɗage riga, na ƙara wa ciki iska, na zuba bayani kamar mai maganin gargajiya ranar kasuwa. Da ya miƙo min wayar ya ce shi dai a saninsa, abin da ya shiga can ba ya fitowa. Na ce kada ya damu, tumbin nan ko ya shiga ƙofar ba za ta rufu ba.

Ban san ’yan talla malalata ba ne sai daga baya. Mutum zai kwashi hotonka da linkinka gaba ɗaya, ya canja labari kawai. Da farko ni ma'aikaci ne a Dutse, wanda gaskiya ne. Can sai na ga na zama attajirin Kano. Na yi tsohon soja. Na yi direban tirela mai ’ya’ya cike da gida. Har wani ya tsotse ni da na'ura, ya fito da ni siriri da wuya kamar na zalɓe, wai bayan na sha shayin ke nan. Ina dariya ina tura wa abokai, alat ɗin kuɗi daga banki kuma yana ta shigowa.

Wata Alhamis da damina ruwa ya dake ni a hanya, wayata ta sha ta ƙoshi, na bar ta wurin mai gyara. Maiɗakina ta tafi biki Kano. Washegari Juma'a na kama hanyar ƙauyenmu da ke bayan Kafin Hausa don in gaida Inna, mahaifiyata, kamar yadda nakan yi in na samu sarari.

Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. Na girma ina amsa “kai” da “wancan”. In za ta ba ni tuwo sai ta ajiye ta ce wa bango ga abinci nan. Har na yi furfura ban taɓa jin yadda sunana yake a bakinta ba.

Ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin gari saboda taɓo, na bi ta tsakiyar gero da ƙafa. Rana tsaka ce, amma garin shiru. Ba a daka, ba rediyo, ko jakin maƙwabcinmu da ke kuka ba dalili ya kama bakinsa. Wata mata a bakin rijiya ta ɗago ta gan ni. Na yi mata barka da aiki. Ta saki igiya, guga ya tafi, ta yi ta ja da baya ba ta juya ba har ta shige gero.

Da na hango ƙofar gidanmu sai na ga tabarmi a gindin darbejiya, maza zaune jere, ga butoci a gefe. Na ce shi ke nan, Inna ta tafi ba ni da waya. Na kasa bi ta gabansu, na zagaya ta baya inda danga ta ɓalle tun muna yara.

A nan na ji muryarta. Ba kuka take yi da ƙarfi ba. Sunana take kira, cikakkensa, a hankali, tana maimaitawa kamar mai jan carbi, tana roƙon Allah ya sa na huta. Na tsaya riƙe da kara. Na duba hannuna, na duba ƙasa in ga ko ina da inuwa. Wallahi na duba.

Shigata ke da wuya tsakar gida ta watse. Mata suka yi ɗaki, wata ta bar takalmi, wata ta bar goyo sai da ta dawo. Baffa, ƙanen mahaifina, ya shigo yana karanto duk addu'ar da ya sani, ya tsaya nesa ya ce in yi sallama. Na yi. Ya ce in sake. Sannan ya matso ya danna yatsa a tumbina, ya ce wannan kam ba na lahira ba ne.

Shi ya nuna min wani bidiyo a wayar wani ɗansa. Tun asuba yake yawo a garin. Sun kira wayata, a kashe. Sun kira maiɗakina, ta ce ita ma tun jiya take nema, ta fashe da kuka. Mutuwa kuma ba a jira da ita, suka ɗauka an riga an kai ni a Dutse.

Ni ne a bidiyon, da rigata, a bayan ofishinmu, an cire launi. Bakina yana motsi amma idanun ba sa ƙiftawa. Muryata ce sak, har da ɗan tarin da nake yi kafin magana. Na cikin bidiyon yana cewa da ya sha shayin nan da wuri da yanzu yana tare da iyalinsa, a yafe masa. A ƙasa an rubuta cewa bawan Allahn nan ya rasu jiya. Ƙarƙashin wannan kuma ga linki. Na duba lambar. Tawa ce.

Duk wannan Inna ba ta motsa daga tabarmarta ba. Idonta ya yi rauni, da kunne take gane mutane. Na durƙusa na gaishe ta. Sai ta ce wa Baffa, ba ni ba:

“Muryar nan ai ita na ji ɗazu tana neman gafara.”

Ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna, abin da ba ta yi ba tun ina rarrafe. Yatsunta sanyi ƙalau. Ta daɗe tana riƙe. Sai ta ce a kawo dambun da aka dafa wa masu gaisuwa. Na ci dambun sadakata, ina ci tana saurare. Da na kai ƙasan kwano na nemi ƙari, ta saki hannuna ta juya wa bango fuska.

“Wancan ne,” in ji ta. “A naɗe tabarmin.”

Da na karɓo wayata na tarar alat ya taru kamar ƙudan zuma. Na rubuta wa mai hoton zaki cewa ina raye, a sauke bidiyon. Ya amsa da cewa ba su suka yi ba, amma in yi haƙuri, wannan ya fi duk na baya tafiya. Na sa aka soke lambata. Bidiyon bai san an soke ba. Wasu suka manna nasu linkin, ya ci gaba. Har yanzu yakan ɓullo, musamman bayan Sallah da mutane suka ci nama, kullum kuma jiya na rasu. Na yi furfurar gemu, shi yana nan yadda yake. Mutumin Filato bai taɓa ce min ya faɗa ba, sai dai in na shigo ofis yakan ɗan daɗe yana kallona.

Inna kuwa ta daina karɓar waya. Ko ƙanena ya kanga mata a kunne sai ta kau da kai, ta ce ba ta san da wanne take magana ba. Don haka duk Juma'a, ko ana ruwa ko taɓo ya kai gwiwa, ina kan hanyar Kafin Hausa. In na yi sallama ba ta amsawa sai ta kama wuyan hannuna, ta ji abin da take son ji, sannan ta ce wa bango ga abinci nan. Sunan nan bai sake fitowa daga bakinta ba, ni kuma kullum addu'ata kada in sake jin sa.