Majanyin Aro

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta ba da tatsuniya a banza. Idan an gama girbi, sanyi ya fara shigowa, aka idar da sallar isha'i, sai ta sa a hura wuta da karan dawa a tsakar gida, kusa da rumbun gero, ta zube gyaɗa a tabarma. Hannunka na ɓara, bakinta na tafiya. Ka tsaya, ita ma ta tsaya. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, inda gona ke manne da gona, gida kuma ba ya nisa da gida, don haka yaran maƙwabta suna hango hasken wutar sai su zo, kowa ya sami gefen tabarma ya ja gyaɗa gabansa.

Ƙaramar mace ce Iya, muryarta ƙasa-ƙasa, dole ka matso idan kana son ji. Da ƙafa take tura kara cikin wuta. Tana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a ɓoye: idan ta je bakin randa, ga moɗa nan a kan murfi, amma sai ta zuba ruwan a tafin hannunta ta sha. Mun ɗauka tsufa ne.

"To, ga ta nan tafe," haka take farawa, "ku matsa mata ta zauna."

Mu kuma mu ce, "Ta zo, akwai wuri."

A cikin tatsuniyoyinta duka, wadda ta fi zama mini ita ce ta shamuwa da ƙoƙo. Wai an yi wani gari da aka kwashe samarinsa aka tura su gadin wata ƙasa can bayan babban ruwa. Ƙasar tana da wani hali: duk baƙon da ya daɗe yana shan ruwanta, sai hanyar gida ta ɓace masa a rai. Babu mai iya ƙetare ruwan nan sai shamuwa, wadda ke tafiya idan damina ta wuce, ta dawo da farkon ruwa. Iyaye mata suka roƙe ta, ta yarda za ta riƙa kai wa 'ya'yansu saƙo. Masu hali suka ɗure soyayyen nama da zuma da alkaki a ganye da tsofaffin tsummoki. Samarin suka ci, suka lashe hannu, suka yar da ganyen, suka ci gaba da mantuwa.

Akwai wata tsohuwa da ba ta da komai sai ɗan gero da ƙoƙo guda ɗaya. Ta daka gumba, ta zuba a ƙoƙon, ta ce wa shamuwa, "Ki ce masa gumbar tasa ce, amma ƙoƙon aro ne. Da shi nake shan ruwa." A nan Iya takan karkace kai ta rera waƙar shamuwa, mu kuma mu amsa har gyaɗa ta zube:

"Ci gumba, ɗan tsohuwa,
ƙoƙo ba naka ba ne.
Tana sha a tafin hannu,
ruwa na bin gwiwarta."

Yaron ya cinye gumba, ya ɗaga hannu zai jefar da ƙoƙo kamar yadda 'yan'uwansa suka yi, sai ya kasa. Ya ce wa shamuwa ta mayar. Shamuwa ta ce ita kaiwa aka aike ta, ba ita aka ara wa ba. Ƙoƙon ya zame masa kaya. Duk sa'ad da ya kai shi baki sai ya ga tsohuwarsa a bakin randa, ruwa na zubewa ta tsakanin yatsunta. Da wa'adin gadi ya cika, aka ce kowa ya koma gida, samari suka tsaya cirko-cirko, babu wanda ya san gabas ko yamma, sai mai ƙoƙo. Shi ya shiga gaba, sauran suka bi bayansa har gida.

"Nan ta sauka," in ji Iya. "Wanda ya ji ya riƙe. Ku kwashe mini ɓawon nan kafin akuya ta zo."

Wani dare na tambaye ta, "Iya, da gaske ƙoƙon ya dawo?"

Ta daɗe tana gyara wuta kafin ta ce, "Wani yakan dawo, wani ba ya dawowa. Ni dai na wanda ya dawo nake ba ku. Ɓari gyaɗarki."

A lokacin, abin da na ɗauka shi ne tatsuniyar tana hana yara riƙe kayan aro. Mahaifiyata ma haka ta ɗauke ta. Idan na aro rariya a maƙwabta na bar ta ta kwana, sai ta ce in tuna da mai ƙoƙo. Sai bayan Iya ta rasu, ina da aure har da goyo, Gwaggo, 'yar'uwar mahaifina, ta ba ni labarin da Iya ba ta taɓa ba mu ba. Iya tana da wa, Tanko sunansa, wanda aka ɗauka soja a yaƙin Turawa aka haye teku da shi. Ranar tafiyarsa ita tana 'yar budurwa, ta ba shi ƙoƙon shan ruwanta ta ce aro ne. Babu wanda ya ƙara jin labarinsa. Na ji tausayinta ƙwarai, na yi mata addu'a, sannan hidimar gida ta sa na ajiye zancen a gefe.

Shekaru suka wuce. Ɗana Nafi'u, na biyu a ɗakina, ya shiga soja. Malam, mahaifinsa, ya so ya zauna ya taya shi karantar da yara, amma da ya ga ransa na can sai ya sa masa albarka. Bai daɗe da aure ba aka tura su wata ƙasa aikin kiyaye zaman lafiya. Matarsa Zulai ta dawo wajena da ƙaramin ciki. Yana kira idan ya sami layi, wani lokaci a jere, wani lokaci a yi shiru har in daina cin abinci sosai. Idan ya kira, ba ya ƙorafi sai a kan abu ɗaya.

"Inna, shinkafa dai, shinkafa dai. Jiya na yi mafarkin miyar kuka har na tashi ina tauna."

Sai aka sanar cewa iyalai za su iya kai ƙananan saƙonni bariki a Kano, a haɗa da kayan da jirgi zai kai musu. Ni da Zulai muka duƙufa. Na daka kuka na tankaɗe, na daka yaji da citta da masoro yadda yake so, Zulai ta yi ƙuli-ƙuli da dakuwa, Malam ya sayo kilishi ran kasuwar Ɗanbatta. Daddawa kuwa leda kan leda muka yi mata, duk da haka ɗakin ya ɗauka. Ni na rubuta sunansa a jikin kwalin da hannuna, don na yi ajin yaƙi da jahilci, kuma ban ga inda karatun zai yi mini rana kamar nan ba.

Zulai ta miƙo mini igiyar leda in ɗaure. Na riƙe ta, na dubi kayan. Komai a ciki na ci ne, abin da ya rage kuma na yarwa ne: leda, kwali, igiya. Muryar Iya ta faɗo mini kamar tana gefen tabarma. Na tashi na buɗe akwatina na ɗauko majanyin saƙi, mai ratsin baƙi da fari, wanda na ɗaure goyon 'ya'yana duka da shi, na kuma ajiye wa jaririn Zulai. Na zagaye kwalin da shi na ƙulle.

Zulai ta ce, "Inna, ai na ɗan cikin nan ne."

Na ce, "Shi ya sa."

A bariki, sojan da ke karɓar kaya ya juya kwalin, ya shinshina, ya ce, "Hajiya, wannan daddawar za ta riga jirgin isa." Ya taɓa majanyin ya tambaya ko shi ma saƙo ne. Na ce masa igiya ce. Ya yi murmushi ya bar shi.

Da kayan suka isa, Nafi'u ya kira yana dariya har muryarsa na yankewa. Wai a yini guda aka raba kilishin, yajin kuwa har wani Bayarabe abokinsa yana zuba shi a shayi.

"Amma Inna, majanyi kuma? An sa ni gaba a nan, wai jaririn Inna."

"Abincin naka ne," na ce. "Majanyin aro ne. Ka san wanda ke jiransa."

"To, Inna. In sha Allahu zai iso kan lokaci."

Na ɗauka ya gane.

Watan Zulai ya kama, wata safiya ina tankaɗe a tsakar gida aka yi sallama a zaure. Malam yana gona. Na yafa mayafi na leƙa. Wani dogon soja ne da ban sani ba, cikin kakinsa, tsaye. A hannunsa, a ninke tsaf, ga majanyina.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Abin da na sani kawai, kayan soja ba ya dawowa gida a hannun wani soja sai da dalili. Yaron ya dube ni, ya dubi abin da ke hannunsa, nan take ya gane. Ya durƙusa.

"Inna, lafiyarsa ƙalau. Wallahi lafiyarsa ƙalau, har ya yi ƙiba. Ni Modu ne, ɗakinmu ɗaya. Hutu aka ba ni, gidanmu na Rijiyar Zaki. Cewa ya yi in kawo kafin a haihu, kada ki ce ya riƙe miki aro."

Sai da na sha ruwa sannan na shigo da shi ciki. Zulai ta dama masa fura, ya sha yana ba mu labarin Nafi'u: yadda yake naɗe majanyin a wuya idan sanyin asuba ya same su a wurin gadi, yadda yake tada kai da shi. Da ya tashi tafiya ya ajiye majanyin a kan tabarma. Na tambaye shi yaushe zai koma, ya faɗa mini. Na ce ya biyo kafin ya tafi.

Da ya biyo, ya tarar da kwali biyu, ɗaya nasa, ɗaya na Nafi'u. Na Nafi'u a ɗaure da majanyin.

"Inna, ai shi na kawo."

"Na gani, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka ce masa ban karɓa ba. Ba kai na ara wa ba."

Zulai ta haifi mace. Aka yi suna babu uban, ya ji kukanta ta waya. Da ta isa goyo, tawul muka riƙa ɗaurawa, yana ta zamewa, maƙwabta na tambaya ina majanyin gidan nan da kowa ya sani. Nakan ce yana wajen aiki. Nafi'u bai ƙara yi mini wasa da zancen ba. Sau ɗaya dai, layi na shirin yankewa, ya ce, "Inna, yana nan a wuyana."

Ya dawo da farkon damina, shamuwa sun riga sun sauka a kan kukar bayan gida. Bayan ya gaida mahaifinsa, ya shigo ya durƙusa gabana, ya buɗe jaka ya ciro majanyin. Ya koɗe, bakinsa ɗaya ya zare, yana ƙanshin sabulun da ban sani ba, da ɗan sauran daddawa. Ya sa mini a hannu biyu. Na kira Zulai ta juyo da bayanta, na cire tawul ɗin, na ɗaure yarinyar da shi. Ko motsi ba ta yi ba.

Ni ba yarinya ba ce, na san ba majanyi ne ya tsare shi ba. Allah ne ya tsare shi, kamar yadda ya ƙaddara wa Tanko kwanciya a ƙasar da ba mu san sunanta ba, alhali shi ma da ƙoƙon aro ya tafi. Iya ta fi kowa sanin haka. Amma yanzu na gane abin da take nufi. Abinci yana gaya wa na nesa cewa ana tunawa da shi. Aro kuwa yana gaya masa akwai abin da aka rasa a gida, ana zaune ana haƙuri da rashinsa, kuma babu wanda za a karɓa daga hannunsa sai shi. Na kuma gane cewa ba tsufa ne ya sa Iya sha a tafin hannu ba. Ta ce aro ne, kuma har ta koma ga Allah ba ta yafe ba.

Bana aka sake tura su wani wurin. Daren da zai tafi muna zaune a tsakar gida, 'yarsa na bacci a bayan uwarta, ya gama ɗaure jakarsa, ya ɗago kai.

"Inna, wannan karon me za ki ara mini?"

Na tashi na je bakin randa na ɗauko moɗar da ke kan murfi, 'yar jar roba ce mai tsagaggen hannu. Ya karɓa ya tura ta can ƙasan jaka. Malam ya ce zai sayo wata ran kasuwa, na ce ya sayo wa sauran mutanen gida. Ni a tafin hannu nake sha, kuma ruwan randar nan bai rage sanyi ba.