Ranar da Muka Cika Tanki Saboda Baƙi

A lokacin ni manomi ne a wani ƙauye na mazaɓar Kara, ban iya karatun boko ba, kuma an san ni da haƙuri. Wannan haƙurin ne ya sa mai unguwa yake tura ni gaba duk sanda baƙi suka zo. Yanzu ina ajin yaƙi da jahilci a Gwarzo, kuma da hannuna na rubuta wannan, don haka a yi mini uzuri.

Wani kamfani da ke sayen amfanin gonarmu ya haƙa mana rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Ta yi rani ɗaya, injin ya tsaya, matanmu suka koma tafki. Da aka ce mutanen kamfanin za su zo ɗaukar hoto, sai kunya ta kama mu. A wurinmu ba a tarbar wanda ya yi maka kyauta da labarin cewa ta lalace. Muka ɗebo ruwa a jarkoki daga ƙauyukan maƙwabta, muka zuba a tankin rijiyar. Suka zo, na murɗa famfo, ruwa ya zubo. Suka tambaye ni yaya muke ji, na ce sai godiya. Na yi niyyar in ja babbansu gefe in gaya masa gaskiya, amma kafin in sami sarari sun shiga mota.

Shekaru suka wuce ba wanda ya zo gyara. Sai wata malama daga jami'a ta iso tana neman mutumin da ke cikin hoton da kamfanin ya ɗauka, wato ni. Ta ce aikinta shi ne tara rahotannin da kamfanoni ke fitarwa duk shekara kan alherin da suka yi wa jama'a. Takan ware lissafi gefe, ta ɗauki labaran mutane, ta duba waye ke magana da abin da ake maimaitawa, sannan ta je ta ga masu labarin da idonta. Ta riga ta biya ta Gude da wasu wurare a Kabo. Ta fassara mini nawa labarin. An rubuta cewa matanmu sun huta, 'ya'yanmu mata sun koma makaranta. Ta ce rahoto bayan rahoto ana sake saka hotona, kuma a wurin kamfanin aikinmu ya kammala. Matata tana jinmu daga zaure, ta ce a tambayi wuyanta ko ya huta.

Malamar ta kunna na'urar ɗaukar murya ta tambaye ni halin rijiyar. Wallahi saura kaɗan in sake cewa sai godiya. Na tashi na kai ta wurin famfon, na murɗa, iska kawai ya fitar. Ta ce ita ba mai gyara ba ce, rubutawa kawai za ta yi. Na ce ta rubuta har da jarkokin.

Ban san ko rubutunta ne ya dawo da mutanen kamfanin ba, amma bara sun dawo. Na gaishe su yadda ya kamata, na shimfiɗa musu tabarma, na kawo musu ruwan tafki a ƙwarya, wanda muke sha. Babbansu ya daɗe yana kallon ƙwaryar bai sha ba. Kafin damina aka canza injin.

Abin da na koya shi ne, maganar da ka faɗa don girmama baƙo, idan ta shiga rahoto, masu karantawa ba su san kara ka yi ba, gaskiya suke ɗaukarta. 'Yan uwana manoma, ku karrama baƙo da tabarma da gaisuwa, amma idan famfo ya bushe, ku bar shi ya gan shi a bushe. Kunyar yini ɗaya muka guda, matanmu suka biya da shekaru a hanyar tafki.